Abin da gyaran hanyar ƙafa a ƙauyukan Ingila ya koya min

A Sheffield na yi digirina na biyu, ɓangaren ruwa da hanyoyi, kuma gaskiya malamai sun yi ƙoƙari, amma abin da ya fi zauna min a kai har yau da nake aiki, a wajen wasu dattawa na samo shi, masu aikin sa-kai da suke fita ƙarshen mako suna gyaran hanyoyin ƙafa na ƙauyukan da ke bayan gari, yankin tsaunukan nan da ake kira Peak District. Ba albashi ba alawus, kowa da fulas ɗin shayinsa da takalmin ruwa, yawancinsu sun yi ritaya, akwai tsofaffin malaman makaranta akwai tsofaffin ma'aikatan ƙarfe, da mata sosai a ciki, wata dattijuwa ce ma take jagorantar rukuninmu.

Dan wanda bai san tsarin ba ya gane, a Ingila da Wales akwai hanyoyin da doka ta ba kowa damar bi, kusan mil 140,000 idan aka haɗa su, kuma da yawansu ta tsakiyar gonakin mutane da makiyayarsu suka ratsa. Ƙasar ta mai gona ce, amma hanyar ta jama'a ce, ba shi da ikon ya tare ka ko ya garƙame ƙofa da kwaɗo. Za ka ga kibiya mai ruwan ɗorawa a jikin turke, wannan ta masu ƙafa ce kawai, shuɗiya kuma har mai doki da mai keke. Wasu hanyoyin sun yi ɗaruruwan shekaru, su ne mutanen da suke bi zuwa coci ko kasuwa ko wajen aiki tun kafin a san mota.

Kuma ba haka kawai aka wayi gari aka ba talaka wannan damar ba. Dattawan nan ba sa gajiya da ba da labarin Kinder Scout, dutsen da ya fi ko'ina tsayi a yankin, wanda masu ƙasa suka killace dan farautar tsuntsaye. A watan Afrilun 1932 matasa ma'aikatan masana'antu wajen 400, yawanci daga Manchester, suka hau shi da gangan ba izini, wani matashi Benny Rothman yana gaba, aka yi 'yar arangama da masu gadi, aka ɗaure biyar daga cikinsu. Abin ya ja hankalin mutane, ƙungiyoyi suka ci gaba da matsa lamba har aka yi dokar 1949 da ta ce kowace hukumar yanki ta zana taswirar hanyoyin jama'a a hukumance, a 1951 kuma Peak District ya zama gandun shaƙatawa na ƙasa na farko. Shi ya sa idan ka ga tsoho ɗan shekara saba'in ya durƙusa yana kwashe laka da hannu, ba wasa ya zo yi ba, a ransa abu ne da aka sha ɗauri a kansa.

Babban abin da na koya dai shi ne ruwa. Ni da na zo da lissafin aji na zata za a ba mu duwatsu mu yi ta shimfiɗawa, ashe mafi yawan aikin yashe magudanai ne, shi kenan, shebur da diga da baro. A hanyar da ta hau tudu, duk 'yan taku kaɗan za ka ga 'yar kwata ta dutse ta ratsa hanyar a karkace, an jera duwatsu a tsaye gefe da gefe an shimfiɗa wasu a ƙasa, aikinta kawai ta tare ruwan da ke gangarowa ta karkatar da shi gefe tun bai yi ƙarfi ba. To ita wannan kwatar cika take yi da yashi da ganye da tsakuwa, idan ta cika ruwa sai ya tsallake ta ya bi hanyar, ya haɗu da na ƙasa, ya ƙara gudu, ya tsallake ta gaba ita ma, kafin hunturu ɗaya ya wuce hanyar ta koma kwazazzabo, abin da mutum biyu da shebur za su gama cikin minti goma ya koma aikin da sai an nemo kuɗi da injin haƙa. Dattijuwar nan takan sa mu tsaya mu duba bakin da ruwan ke fita ma, dan wasu sai su yashe tsakiyar kwatar ta yi kyau a ido su bar bakin a toshe, ruwan ya taru ya dawo kan hanya, an yi aikin banza kenan. Tsakuwar da muka kwaso kuma ba zubarwa ake yi ba, mayar da ita ake yi kan hanyar inda ta fito, a daddanna.

Wani abin kuma da ya burge ni, ranar da ake ruwa ba sa fasa fita, har sun fi son ta, saboda ranar ce za ka ga inda ruwan yake bi da kansa, wanda ba kullum yake zama inda takarda ta ce zai bi ba. Za ka ga wani ɗan idon ruwa ya ɓullo daga ƙarƙashin katangar dutse wanda da rani ba ka taɓa sanin yana nan ba, kuma shi ne yake jiƙa wajen duk shekara. Tun daga nan na ɗauki wannan ɗabi'ar, ko yanzu ba na yarda in sa hannu a zanen kwalbati sai na je wajen da damina, ko aƙalla na zauna da mutanen garin sun nuna min inda ruwa yake kaiwa idan aka yi mamako, dan su suka sani, kuma wallahi sau da yawa sun fi zanen gaskiya.

Bayan ruwa sai ƙafar mutane. Ɗan Adam ba ya son taka laka, idan tsakiyar hanya ta caɓe sai ya raɓa ta gefe, na bayansa ya bi sawunsa, gefen ma ya caɓe a ƙara matsawa, hanyar da faɗinta bai fi taku ɗaya ba sai ta yi ta buɗewa, ciyawa ta mutu ƙasa ta tsiraita. A saman tsaunukan can abin ya fi muni saboda ƙasar wata baƙar ƙasa ce mai laushi da ta taru daga ruɓaɓɓen tsiro, wadda kaurinta ke ƙaruwa da kamar milimita 1 a shekara, ka ga abin da takalma suka kwashe a 'yan shekaru ba a rayuwarmu zai dawo ba. A kan babbar hanyar Pennine Way, wadda aka buɗe a 1965 mai tsawon mil 268 daga Edale har cikin Sikotilan, sai da aka riƙa ɗauko manyan falalen duwatsu na daɓen tsofaffin masaƙun da aka rushe, jirgi mai saukar ungulu yana kai su sama ana jerawa. Kuma ciyawar gefe ta dawo. Abin da na fahimta a nan shi ne ba su tsaya kafa allo suna roƙon mutane su daina taka gefe ba, sun gyara tsakiyar ne ta zama ita ce mafi daɗin bi, ƙafa da kanta ta koma. Inda ake son rufe wata ɓarauniyar hanya kuma sai a jibge ƙirare da duwatsu a dasa ciyawa yadda ido ma ba zai gan ta a matsayin hanya ba.

Maganar manoma ita ce mai sarƙaƙiya, kuma a nan na ga haƙuri. Doka ta raba aiki, doron hanyar na hukumar yanki ne, ƙofofi da matakalar tsallake shinge na mai gona ne amma hukuma tana biyan aƙalla kashi 25 cikin 100 na kuɗin gyaransu. Idan manomi ya yi huɗa ya bi ta kan hanyar da ta ratsa tsakiyar gonarsa, yana da kwana 14 ya mayar da ita yadda za a iya bi, faɗin aƙalla mita 1, kuma ba zai bar shuka ta rufe ta ba. Duk wannan a rubuce yake. Amma su masu aikin sa-kan ba sa zuwa ƙofar manomi da doka a baki, sai an gaisa an tambayi tumaki, an ji kukansa, dan shi ma yana da nasa, masu yawo suna barin ƙofa a buɗe dabbobi su fice, karnukansu suna bin tumaki masu ciki, wasu su zubar da shara. Sau da yawa yarjejeniyar da ake yi ita ce hukuma ta kawo sabuwar ƙofa mai rufe kanta, mu mu kafa kyauta, shi manomi ya huta da fargabar dabbobinsa, tsofaffi da masu ciwon gwiwa su huta da hawan matakala. Sai wanda ya kafe ya ƙi ji ake kai maganarsa gaba. Ko sassaben shinge ma da lokacinsa, daga Maris zuwa Agusta ba a yi masa babban yanka saboda tsuntsaye suna sheƙa, sai dai a ɗan datse ƙayar da ta tare hanya.

Sai rubutu, wanda da farko ban ɗauke shi a bakin komai ba amma daga baya na gane shi ne ƙashin bayan abin gaba ɗaya. Kowace hanya tana da lamba a taswirar hukuma, kuma akwai masu aikin sa-kan da ba sa ɗaukar shebur ma, nasu kawai su bi hanyoyin da aka ba su a kai a kai, su ɗauki hoto su rubuta cewa a lamba kaza gada ta ruɓe, a lamba kaza an ja waya an tare, su tura. Ƙungiyar Peak and Northern Footpaths Society tun 1894 take wannan aikin, allunanta koraye suna nan birjik a yankin. A dokarsu hanyar da ke kan taswira ba ta mutuwa dan an daina bin ta, sai an bi matakan doka an rufe ta, haka kuma idan jama'a suka yi shekara 20 suna bin wani wuri a fili ba wanda ya hana, ana iya neman a shigar da shi. Matsalar tana ga waɗanda aka manta ba a zana ba tun farko. A 2020 ƙungiyar masu yawon ƙafa ta Ramblers ta sa dubban mutane suka zauna a gaban kwamfuta suna gwada tsofaffin taswirori da na yanzu, suka gano fiye da mil 49,000 na hanyoyin da ƙila na jama'a ne amma ba su shiga rajista ba. Ƙasar da ta fara wannan rubutun tun 1949 kenan fa.

Duk lokacin da ake wannan maganar burtali ne yake faɗo min. Shi ma ai haka yake, hanya ce ta tsakanin gonaki da kowa ya san ta dabbobi ce da jama'a, har da aguwa ko bini-da-zugu a gefe a matsayin iyaka, kuma yadda yake mutuwa ba ɓoyayye ba ne, bana wannan ya ci kunya ɗaya, baɗi na ɗaya gefen ya ci biyu, dattawan da suka san asalin iyakar suna ta rasuwa, wata rana garke ya iso ya tarar ba wajen wucewa sai ta cikin shuka, abin da ke biyo baya kuma duk mun san shi, an rasa rayuka a kansa. Tsohuwar Jihar Arewa ta Najeriya ta yi dokar makiyaya tun 1965, Nijar kuma ta yi dokar karkara a 1993 har ana kafa turakun siminti a bakin wasu burtalan, amma doka a ofis ba ta tsare kunya ɗaya idan babu wanda yake bin wajen yana dubawa duk shekara.

Ba wai mu ba mu iya aikin haɗin kai ba ne, aikin gayyarmu ma ya fi nasu ƙarfi, mai unguwa ya sa a yi shela gobe ka ga matasa hamsin da shebur da buhunan yashi an cike ramin da ya hana motar kasuwa shigowa, su can da ƙyar ake haɗa mutum goma. Bambancin da na gani shi ne mu sai hanya ta yanke muke fita, mu yi gagarumin aiki rana ɗaya a watse sai kuma ta sake yankewa, su kuma ƙaramin aiki ne amma da ranarsa, ko hanya ta lalace ko ba ta lalace ba za a je. Kuma kar wani ya ɗauka ina cewa sa-kai zai maye gurbin gwamnati, can ɗin ma hukuma ce take ba da kayan aiki da katako da inshora, babbar gada ko zaftarewar ƙasa ba aikin dattawa da baro ba ne, kuma su kansu suna ƙorafin an rage wa sashen kuɗi.

Yanzu idan muka gama hanyar ƙauye ina roƙon a ba ni zama ɗaya da mai gari da shugaban matasa kafin mu kwashe kaya, mu bi kwalbatocin ɗaya bayan ɗaya mu sa musu lamba da fenti, a rubuta unguwar da za ta riƙa yashe kowanne, sau ɗaya kafin ruwan farko sau ɗaya a tsakiyar Agusta, a bar musu shebur da baro a hannun wanda aka yarda da shi. Inda hanyar ta gitta burtali kuma ina neman arɗo da sarkin noma su zo tare, mu taka iyakar da ƙafa ina ɗaukar ma'aunin wajen a waya, a buga takarda uku, ɗaya a gidan mai gari ɗaya wajen arɗo ɗaya a ƙaramar hukuma. Wasu garuruwan sun riƙe abin, wasu an yi shekara ɗaya an bari, kuma idan na koma bayan damina biyu tun daga bakin kwalbatin farko nake gane wanne ne wanne.