Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Gidan Landan ko Jikokina

A makon jiya na tsaya a inda 'yata ta haifi tagwaye a Mancesta, cikin sanyin Janairun 2022. Sau biyu na hau jirgin ƙasa daga tashar Euston ta Landan, tafiyar awa biyu da 'yan mintuna, na yi mata kwana goma-goma. Duk wadda ta san jego ta san kwana goma ba ya kai ko'ina. Ranar da zan dawo karo na biyu ta riƙe bakin mayafina ta ce, "Umma, wai me kike gadi a Landan? Baba ya rasu, auta ya yi aure. Ki dawo kusa da mu mana."

Gida nake gadi. Gidan ƙaramar hukuma mai ɗakin kwana biyu, wanda ni da marigayi muka daɗe a layi kafin ya zo hannunmu. Tun da ciwon gwiwa ya raba ni da aikin kula da tsofaffi, tallafin kuɗin haya ne ke rufa mini asiri. Shi ma ba cikakke ba, don tun da auta ya fita ake zaftare kashi 14 cikin ɗari saboda ɗakin da ba kowa, dokar da aka kawo a 2013. Ni ke cikasawa.

Ni a zatona tallafin nawa ne, kamar fansho, duk inda na sa ƙafa zai biyo ni. Sai da na je ofishin Citizens Advice, masu ba jama'a shawara kyauta, wata baiwar Allah ta warware mini. Ƙaramar hukumar da nake ciki ce ke biya, ranar da na bar yankinta an rufe. A can kuma ba za su buɗe mini irinsa ba, don shekaruna 63, ban kai 66 na fansho ba. Sai dai in nemi Universal Credit, tallafin gwamnati da ya maye gurbin irin nawa, wanda kuɗinsa na farko sai bayan mako biyar. Za a ƙara mini tsohon tallafin na mako biyu, in na ga ba zan kai ba in karɓi bashi a riƙa cirewa wata-wata. Na fito ina lissafi da yatsu a bakin titi.

Surukina, Allah ya saka masa da alheri, ya kira ni da daddare. "Umma, ga ɗaki a ƙasa, ki zo kawai." Na yi godiya na ce a bar wannan magana. Ina ni ina haɗa banɗaki da suruki? Ko Ingila ba ta cire mini wannan kunyar ba. Kuma ko da na yarda, hukuma ba ta biyan haya ga wanda ke zaune gida ɗaya da 'yarsa ko surukinsa. Da na zauna na zama nauyi, ba gidan komawa.

Gidan haya na 'yan kasuwa shi ne ya fi ba ni tsoro. Kowane yanki da iyakar tallafin da ake biya, ni kaɗai kuwa kuɗin gida mai ɗaki ɗaya ne rabona, kuma a lokacin, tun Afrilun 2020 ba a ƙara ko kwabo ba alhali haya na ta hawa. Sannan in na mayar da makullin gidan hukuma da hannuna, gobe mai gida ya ce in tashi, ana iya cewa ni na jawo wa kaina rashin matsuguni. Tsuntsun da ya ja ruwa ke nan.

Mafitar ta zo daga bakin wata 'yar Kumasi da muke karatun Asabar tare a masallaci. "Yaya, ai musaya ake yi," in ji ta. Mai zama a gidan hukuma na iya canjawa da wani mai irinsa ko a wane gari, in hukumomin da suka mallaki gidajen biyu sun amince a rubuce, kuma kwana 42 doka ta ba su su ba da amsa. Auta ya ɗauki hoton falo da kicin ya sa a intanet. Gidan Landan ba ya kwantai. Cikin wata biyu muka dace da wata mata mai ɗa guda, a gida mai ɗaki ɗaya a ƙasan bene, mota ɗaya zuwa gidan 'yata. Ba matakala, ba sauran zaftarewa.

Muka cika takardu, na fara ɗaure kwanuka a kwali. Ranar Laraba sai ga wasiƙa: sun amince, amma da sharaɗin sai na biya bashin haya da ke kaina. Ni da na san ban taɓa tsallake mako ba! Inda wannan bashi ya fito, da yadda na kwana ina juya rasit na shekara uku a kan darduma, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.