Wai daga ina 384 ta fito?

Ranar da na gabatar da furofozal ɗina na mastas, wani malami da tun da aka fara bai ce uffan ba ya ɗago kai ya ce, "Malam, me ya sa mutum 384 za ka ba takardar tambayoyi?" Na ce ai teburin Krejcie da Morgan na 1970, mai nuna yawan mutanen da za a tambaya a bincike, shi ne ya ba ni. Ya ce to su kuma daga ina suka samo? Wallahi nan take gumi ya karyo min, na tsaya ina ta jujjuya takardu kamar amsar tana ciki.

Gaskiya yawancinmu haka muka ɗauki kwas ɗin dabarun bincike, abin haddacewa ne a ci jarrabawa a wuce wurin. Kuma ba laifinmu ba ne kaɗai, don a semistar farko aka koyar da mu, lokacin ko taken bincike ba ka da shi balle ka san me zai dame ka, ana ta zubo maka ma'anoni a allo kana kwafa, in aka zo babi na uku, wato na dabarun bincike, kuma sai kowa ya nemo tesis ɗin wanda ya riga shi ya canza suna da lambobi, shi ke nan.

Sai da na koma na zauna da lissafin na gane 384 ɗin nan tana da sharuɗɗa. Tabbaci kashi 95 cikin 100, kuskure kashi 5, sannan uwa uba a zaɓo mutanen kamar ƙuri'a, kowa na da dama daidai da ta kowa. Ni kuwa shirina in jefa link a gurup na WhatsApp duk wanda ya ga dama ya cike! Ko dubu na tara, lissafin bai hau kaina ba.

Haka wani abokina ya dinga cire tambayoyi ɗaya bayan ɗaya a manhajar lissafin bayanai ta SPSS har sai da alfa ɗin Cronbach, ma'aunin yadda tambayoyi suka dace da juna, ta haye 0.7 da aka saba nema, bai ma duba me tambayoyin suke aunawa ba. Wata kuma da sakamakon gwajinta na p-value ya fito 0.06 maimakon ƙasa da 0.05 da aka saba ɗauka a matsayin sakamako mai ƙarfi har hawaye ta yi, wai aikinta ya lalace. Sufabaizanta ce mata ya yi ta rubuta abin da ta samu kawai, ita kuwa sai da ta kwana biyu tana zargin ko so yake ya kayar da ita.