Ni da rawar murya a gaban matan ranar awo

Takardar canjin wurin aiki ta fito, ƙarshen watan nan zan bar ɗan asibitinmu na cikin gari, to kafin in tattara komatsaina bari in yi magana da ƙannena masu fitowa daga makarantar koyon aikin lafiya, musamman masu irin matsalata ta tsoron tsayawa gaban jama'a.

Kun dai san ranar awo da ranar rigakafi sai an yi wa mata bayani kafin a fara karɓar kati. Ni kuwa a lokacin ko a aji aka ce in tashi sai yawun bakina ya ƙafe, gabana ya hau dukan uku-uku, murya na rawa. Incajinmu, Hajiya, ta gano haka tun zuwana, maimakon ta ja ni gefe sai ta mayar da ni abin nishaɗinta. Mata sun cika benci wasu a tabarma da goyo, ana zafin nan na Afrilu ba wuta fanka a tsaye, sai kawai ka ji ta ce "yau Malama ce za ta yi muku lacca", alhali ko da wasa ba ta gaya min tun jiya ba. In na fara sai ta tsaya bakin ƙofa ta harɗe hannu, da na yi tuntuɓen harshe ta katse ni, "ke ɗaga murya mana, haka aka koya miki a makarantar?" Mata su kwashe da dariya, ni kuma in shige ɗakin allura in sha kukana in wanke fuska in fito karɓar kati.

Wai horar da ni take yi. To amma duk ranar da baƙi suka zo daga ƙaramar hukuma ko 'yan ƙungiyoyin nan masu ɗaukar hoto, ita ke tashi ta yi bayanin, kuma wallahi da littafina da nake rubuta bayanin a ciki a hannunta. Na yafe dai, mantawa ce ban yi ba.

Wadda ta warkar da ni wata tsohuwar ungozoma ce, Inna muke ce mata, ko sunanta ba ta iya rubutawa da boko. Ta ce "'yar nan ke da takarda kike hira, su kuma ba takarda suka zo gani ba, zaɓi mace ɗaya a tsakiya ki yi da ita." Ta ce kuma in daina faɗawa cikin magana kai tsaye, in yi sallama, ina kwananku, ya gida ya yara ya ƙarfin jiki, in bari su amsa. Ashe kafin a gama gaisuwar nan numfashina ya daidaita. A makaranta an karantar da mu yadda sinadarin adirenalin ke sa bugun zuciya da bushewar baki, har na rubuta a jarrabawa na ci, amma Inna ce ta nuna min abin yi da shi.

A 2023 da mashaƙo ya ɓarke, Kano ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu, mata suka riƙa zuwa a tsorace. Wata rana ina cikin bayani wata ta miƙe ta ce maigidanta ya hana a yi wa yaransu allura, yana kawo zancen gwajin maganin sanƙarau na 1996 da dakatar da rigakafin shan inna da aka yi a 2003. Da can da tuni na daskare. Na ce mata Yaya, maigidanki bai yi ƙarya ba, an yi waɗannan abubuwa, amma an dawo da ɗigon a 2004, kuma ki duba unguwarku yaushe rabon da ki ga ƙaramin yaro yana jan ƙafa? Na bi mata allurar penta, sati 6, sati 10, sati 14, da yadda take kare yaro daga mashaƙo da tarin shiƙa da sandarewar wuya, ta ƙyanda kuma a wata 9. Sai da na zauna na tuna littafina yana jaka. Hajiya tana bakin ƙofa ba ta ce uffan ba, a rahoton wata kuwa sunanta ne ya fito a matsayin wadda ta wayar da kan mata. Matar dai ta dawo da yara biyu, kuma ni ta nema.

Sauran ƙananan abubuwa ne, a kurɓi ruwa kafin a tashi, kar a haddace jimla a riƙe batu uku kawai, tambayar da ta fi ƙarfinki ki ce a same ki a ofis bayan an tashi. Har gobe gabana na faɗuwa in taron maza ne a ƙofar gidan mai unguwa, amma ba wanda ke ganewa.

An kawo mana wata sabuwar yarinya, mai sanyin murya, na ga yadda Hajiya ke kallonta. Na riga na haɗa ta da Inna, na kuma gaya mata ta riƙa kulle littafinta a durowa.