Abin da kachalla ta koya mini

A aji lissafin da aka ɗora mu a kai mai sauƙi ne: a ɗauki ruwan da ƙasa ke samu a shekara, a raba da yawan mutanenta. In kason mutum ɗaya ya gaza kubik mita 1,700 an shiga matsi, in ya gaza 1,000 kuwa ƙaranci ne. Na haddace, na ci jarrabawa da shi. Nijar da ba ta kai mutum miliyan 4 ba a 1960 yanzu ta haura miliyan 25, Najeriya kuma daga wajen miliyan 45 ta wuce 200. Sai na ɗauka magana ta ƙare, bakuna sun yi yawa, randa ba ta ƙaru ba.

Aikin bincike ne ya kai ni fadamun Haɗeja da Nguru. Fari na tafi nema, sai na tarar da ruwa kwance inda ba a bukatarsa. Kachalla, wata ciyawar ruwa, ta fi ni tsawo, ta toshe hanyoyin ruwa, mai kwalekwalenmu na sara da adda kafin mu wuce. Wani dattijo ya nuna mini gonar shinkafarsa da ta koma maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cin hatsi. Da na fara karanto masa alƙaluma, dariya ya yi, ya ce: "Yaro, a da kogin nan yana zuwa yana tafiya. Yanzu ya zo ya zauna."

Gaskiyarsa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, duka a jihar Kano kan kogunan da ke shayar da fadamun, ambaliyar damina ta ragu, da rani kuma ruwa bai daina zuwa ba, abin da kachalla ke so ke nan. Ban ga laifin Kano ba, miliyoyin mutanenta sai sun sha, masu noman rani a Kadawa ma haka. Amma abin da ya maƙale a nan shi ne ba ya isa Gashuwa da Geidam, balle masu tattasai a Diffa ta Nijar, inda Komadugu Yobe ta zama iyakar ƙasashen biyu.

Hukumar Tafkin Chadi, wadda ƙasashen biyu ke ciki don kula da ruwan yankin, tana nan tun 1964, sai dai manomin Diffa bai san ranar da za a saki ruwa a Tiga ba. A takardar tambayoyina babu gurbin wannan ko ɗaya. Daren nan da fitilar waya na ƙara shi da biro, takarda bayan takarda.