Yau Laraba, ni da autana da fo

Kwana shida kenan da muka fara wannan fama. Shekararsa 2 da wata 8, magana ras a bakinsa, yana cire wandonsa da kansa, in ya yi baccin rana sau da yawa a bushe yake tashi, duk alamun da ake cewa in an gani to yaro ya isa a koya masa zama a kan fo yana dasu, amma da zarar ya hango koren fo ɗin nan sai ya sa ihu kamar an nuna masa allura.

Da safe bayan ya sha koko da ƙosai na ɗan jira kamar minti 20, don an ce bayan cin abinci ne ciki ke motsawa, na ɗauko fo na ce zo ka zauna. Ya sandare ƙafafu ya ƙanƙame wuyana yana "Umma a'a, bana so". Na lallaɓa, na yi waƙa, na yi alƙawarin alawa, ina! Ina sakinsa ko minti biyar ba a yi ba ya tsula fitsari a kan tabarma, saura kaɗan ya taɓa sallayata. Wallahi raina ya ɓaci, na daka masa tsawar da har yanzu in na tuna sai na ji ba daɗi.

Hajiya ta jiyo mu daga sashenta ta leƙo. Tace ku yaran yanzu famfas ya sangarta muku 'ya'ya, mu tun jariri na wata huɗu muke miƙe ƙafa mu ɗora shi a ƙwauri, kafin ya fara tafiya ya san inda ake yi. Kuma gaskiya ta faɗa, haka aka yi mana mu ma, ni ce dai lokacin da ya kamata na fara ina zuwa aiki, famfas ya fi min sauƙi, yanzu kuma ga tsadarsa ga makarantar da muke son sa shi sun fi son yaron da ya daina. Sai dai da tace ki ɗan nuna masa bulala zai zauna, nace toh Hajiya kawai, amma zuciyata bata kwanta da hakan ba.

Bayan azahar ne na ga abin da ya tsaya min a rai. Na neme shi shiru, ashe yana bayan ƙofar ɗaki, ya yi ɗage a kan yatsun ƙafa, ya harɗe cinyoyi, fuskar nan ta yi jage-jage da zufa ya cije leɓe. Da ni na ɗauka yunƙurin kashi yake yi in ya yi haka, yau da na tsaya na kalle shi da kyau sai na gane riƙewa yake. Na ƙirga, kwana uku rabonsa da bayan gida. Nan take na tuno wancan watan da cikinsa ya ɗaure ya yi wani kashi mai tauri yana kuka, har da ɗan jini a jiki, kuma ranar a kan fo ɗin nan na gwada ɗora shi. Ni na manta, shi bai manta ba.

Na durƙusa nace kashi yana maka zafi ne? Ya gyaɗa kai yace "yana cizona". Hawaye kawai na ji, kwana shida ina ce masa mai taurin kai.

Na kira Yaya tunda ita nas ce, tace ai haka abin yake, duk sanda yaro ya riƙe hanji na ƙara tsotse ruwan kashin ya ƙara bushewa, in ya zo fita ya fi na baya zafi, tsoro ya ƙaru ya sake riƙewa. Tace ki ajiye maganar fo tukunna ki fara gyara cikin, ruwa sosai, gwanda, kankana, lemu, wake, miyar alayyahu, ki rage masa biskit ɗin nan, kuma kar ki sayo maganin wankin ciki da kanki, in bai yi ba zuwa gobe ko kika sake ganin jini ki kai shi asibiti. In ya nemi famfas don ya yi kashi ki bashi.

Wajen magariba kuwa ya zo ya ja zanina yace a sa masa famfas. Na sa masa, na riƙe hannunsa muka shiga banɗaki, ya tsuguna a gefen fo ɗin yana riƙe da yatsuna biyu. Ya yi, da kuka dai, amma ya yi, kuma babu jini alhamdulillah. Na yi masa tsarki da ruwan ɗumi a buta muka wanke hannu da sabulu, ban ce masa komai a kan fo ba.

Babansu ya shigo da gwanda bayan isha, autan nawa ya ci yanka biyu. Ina ninke kaya na hango shi ya jawo fo ɗin tsakar ɗaki ya ɗora motarsa ta wasa a kai yana ce mata "zauna, ba zafi", can kuma ya ture ta ya ɗosana da wandonsa a jiki, bai fi ƙiftawar ido ba ya miƙe. Na yi kamar ban gani ba. Yanzu ya yi bacci, na shimfiɗa leda a ƙarƙashin zanin gado, tabarmar kuma tana kan igiya bata gama bushewa ba.