Minti uku a kan Baffa

Talata, dare. Dada ta ajiye min dambu tun ɗazu har ya huce, na kasa ci, bari in rubuta wannan tukuna.

Yau ne fa aka yi firizanteshan ɗin nan da nake ta damunku da shi tun makon jiya. Kowa ya yi hira da dattijo ɗaya ya zo gaban aji ya yi bayaninsa cikin minti uku, ba ƙari. Ni ban wahalar da kaina ba, kakana Baffa na ɗauka, ga shi nan kullum a zaure da rediyonsa. Ran Asabar bayan la'asar na kunna rikodin a waya wai minti ashirin za mu yi, wallahi sai kiran magariba ne ya raba mu.

Matsalar Baffa ba ya lissafi da lamba. In ka ce yaushe sai ya ce shekarar da jirgi ya iso, ko bayan canjin hannu, ko lokacin da aka daina fam da sule. Sai da muka zauna da Hamma muka warware: jirgin ƙasa ya iso Gombe 1963, canjin hannun tuƙi 1972, naira 1973. Shi kam ya ce a ƙafa ya tako daga ƙauyensu can wajen Kumo don kawai ya ga jirgin da idonsa, yana saurayi, daga nan bai koma ba, ya kama dako a BCGA, kamfanin auduga. Manoma su kawo auduga a auna, su su ɗauki buhu a ka zuwa wajen gurza, in an ɗaure ta dila-dila sai a taru a mirgina a yi lodi a tarago. Yana faɗa yana dariya, har ya cire hula ya sunkuyo min da tsakar kansa, ya ce taɓa nan, wurin gammo ne, gashi ya yi fushi bai sake fitowa ba. Na taɓa. Sumul kamar bayan ƙwarya.

Da wannan na shirya buɗe jawabin. Na rubuta a ɗan kati, na yi ta maimaitawa gaban Adda tana riƙe da agogo, minti biyu da hamsin cif.

To sai aka kira wata kafin ni. Kakanta alƙali ne tun zamanin En'e, har da hotonsa da rawani ta zo da shi ana ta miƙawa. Na bayanta kuma nasa hedimasta ne. Da aka kira ni na tashi ƙafata na rawa, na kalli katin, ga kalmar dako nan a layin farko na ja mata layi biyu, kawai sai na ji bakina ya ce wai Baffa "staf" ne a kamfanin auduga. Staf fa. Gammo kuwa na tsallake shi gaba ɗaya, na koma zuba shekaru, 1963, 1973, har da cewa Gombe ta zama jiha 1996 da ba wanda bai sani ba a ajin. Minti biyu ban cika ba na gama. Aka tafa. Malam ya ɗago ya ce wane ɓangare yake a kamfanin? Na ce ɓangaren lodi. Ya gyaɗa kai ya rubuta abin da zai rubuta.

A Keke Napep har zuwa Bolari ina ta lallashin kaina, ai ba ƙarya na yi ba, lodi ai lodi ne.

Ina shigowa ya rage rediyo.

"Sannu da gida Baffa."

"Yawwa 'yar boko, an dawo? Ya taron naku?"

"Lafiya lau, har an tafa muku."

"Ni aka tafa wa?" Ya juya wajen Malam na masallaci da ke gefensa a tabarma. "Ka ji fa, yau ɗan dako ya shiga makarantar gaba da sakandare." Suka yi ta dariya. Sai ya ce, "Kin dai gaya musu zancen gammon ko?"

Na ce eh.

"Madalla. Da kan nan na saya wa ubanki littafi da yunifom, shi ma ya sani, ki tambaye shi."

Na ce to Baffa, na wuce ciki da sauri kamar ana kira na, ba mai kira na.

Adda ta ce ya aka yi, na ce sai da safe. Ba wuta, caji saura sha ɗaya. Wankin gobe ko jiƙawa ban yi ba.

Na kunna rikodin ɗin sau biyu yanzu, daidai inda yake cewa taɓa nan. Ana jin muryata ina cewa kai Baffa, ina dariya ni ma. Katin yana cikin jaka. Alhamis akwai ajin Malam, ban sani ba ko yana barin mutum ya sake.