Wasiƙa daga Manchester: kaza, burodi da rashin garwashi

Assalamu alaikum Zage-zagi, na cikin birni da na Tudun Wada, na Sabon Gari har Samaru. Ina fata kowa lafiya, ya hunturu? Gaisuwa ta tsaya nan, don tambayoyinku sun taru. Matasa na son jin batun biza da kuɗin haya, amma wadda ba ta ƙarewa ita ce ta iyayenmu mata: "Wai me kake ci a can?" To Goggo, ki kwantar da hankalinki, ba yunwa nake kwana ba. Yawancin ranakun aiki sanwic nake tafiya da shi, burodi da gasasshiyar kaza a tsakiya, kuma da hannuna nake haɗawa. Na kanti daga firji ake ciro shi, sanyi ƙalau, ga tsada, ga shakkar yanka.

Naman halal ba ya wuya a garin nan. Ka bi titin Wilmslow a Rusholme ko ka leƙa Cheetham Hill, mahauta 'yan Pakistan da Larabawa ga su nan jere. Kazar ce dai sai a hankali. Ta gidan gona ce, sati biyar zuwa shida a yanka ta, ba ta taɓa tonon ƙasa ba balle bin fara. Tsokar ƙirjin fara fat, ka ɗora a wuta ta yi ta tsiyayar ruwa, ka tauna kamar soso. Don haka cinya nake saya wadda aka zare wa ƙashi, ita tana da ɗan maiƙo, ba ta bushewa.

Yajin gida ke rufa mini asiri: dakakken ƙuli-ƙuli, citta, masoro, kanumfari da barkono. Nakan bubbuga cinyar ta baje kauri ɗaya, in shafe ta da yogot marar suga a madadin kindirmo, in sa tafarnuwa, gishiri, lemon tsami da rabin yajin, ta kwana a firji. Sauran yajin sai an sauke, domin ƙuli saurin ƙonewa gare shi, in ya ƙone kuwa ɗaci ne.

Sai maganar wuta, kuma a nan takaicin yake. Ku da ke iya hura gawayi a tsakar gida duk sa'ar da kuka ga dama, ku gode wa Allah. Takardar hayata ta hana kunna gawayi ko a baranda. A jikin silin gidan kuma ga wata 'yar na'ura manne, aikinta kawai shinshinar hayaƙi. Tun 2015 doka ta wajabta wa masu ba da haya a Ingila su sa aƙalla ɗaya a kowane hawa. Ba ruwanta da gobara ce ko kaza ce. Da mai ya ɗiga a kasko ya yi ɗan turnuƙu, sai ta ɗauki ihu, maƙwabta su buɗe ƙofofi suna leƙe, kai kuma kana tsaye da tawul kana yi mata fifita. In ka ce za ka buɗe taga, watan Disamba ne, rana ta faɗi tun kafin ƙarfe huɗu, iskar da za ta shigo sai ta sa ka manta da yunwar. Haka na haƙura da kaskon ƙarfe mai layi-layi a kan murhun lantarki. In bar shi ya yi zafi sosai, in shimfiɗa naman, kada in taɓa shi sai ya yi kamar minti biyar, sannan in juya. Yana yin zane mai kyau, amma ƙanshin nan na tukubar mai tsire da ke tare ka tun daga nesa da yamma a unguwar PZ ta Zariya, babu shi.

Duk da mitata, akwai abin da na ɗauka a wajen mutanen ƙasar nan. Suna tsoron gawayi a rufaffen ɗaki ƙwarai, saboda iskar da yake fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, mutum na barci take ɗauke shi. Na tuna yadda a gida ake shiga ɗaki da kaskon garwashi a rufe ƙofa da taga idan sanyi ya tsananta. A ji ɗumin a waje, ko a fitar da shi kafin a kwanta.

Wani abin mamaki, hukumar abincinsu cewa take kada a wanke ɗanyar kaza, wai fantsamar ruwan ke yaɗa ƙwayar cuta a kan kwanuka, wuta ce ke kashe ta. Na san Goggo ba za ta saurari wannan ba. Amma dai wuƙar da ta yanka naman kada ta koma kan tumatir da albasa sai an wanke ta da sabulu. Su har ma'auni suke soka wa naman su ga zafin cikinsa ya kai digiri 75 na Celsius. Ku tsaga wajen kauri, in babu ja, ruwan ya fito garau, ta yi.

Burodinsu na yanka-yanka iska ce zalla, yana jin romo ya narke. Na Turkawa nake saya. Ku kuwa burodin mai shayi ya ishe ku: a tsaga, a kifa shi cikin man da kazar ta bari ya ɗan yi ja, a shafa Bama kaɗan, a zuba kabeji da albasa. Kazar Hausa ta fi daɗi nesa ba kusa ba, sai dai tauri. A nemi budurwar kaza, ko a ɗan tafasa ta kafin gashi.

Batun biza kuma, takardu ne da kuɗi da jira, sai wata wasiƙar. Wanda zai taho cikin watan nan, don Allah ya riƙo mini yaji. Kilishi kam kada ma a fara, an hana shigowa da nama daga Najeriya, in aka gani a filin jirgi ƙwacewa za a yi.